Yadda Ake Auna Taro Tun Mutane Ba Su Iso Ba

A Birtaniya, wanda zai shirya babban taro, na ƙwallo ne, na kiɗa ne ko sallar Idi a fili, yakan fara da zama gaban wani kwamitin ƙaramar hukuma tun da sauran watanni. SAG suke ce masa a taƙaice, aikinsa ba da shawara kan yadda jama'a za su zo lafiya su koma lafiya. A teburin akwai jami'in lasisi, da na tsaftar muhalli, da na hanyoyi, ga ɗan sanda, ga ɗan kwana-kwana, ga wakilin masu motar ɗaukar marasa lafiya. Taswira ɗaya za a shimfiɗa musu, amma kowa da abin da idonsa ke nema. Ɗan kwana-kwana na duba inda mai suya zai ajiye tukunyar gas. Na asibiti kuwa yana lissafin mintin da za a ci kafin a fito da wanda ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar mutane.

Sai da aka rasa rayuka aka koyi wannan zama. A 1971 mutum 66 suka mutu a matakalar filin Ibrox da ke Glasgow, abin da ya sa aka wallafa littafin ƙa'idojin filayen wasa a 1973, wanda ake kira Koren Littafi. Ranar 15 ga Afrilu 1989 kuma, a filin Hillsborough na Sheffield, aka buɗe wata babbar ƙofa don rage cunkoson waje, ba a tare hanyar da ke kai mutane sashen da ya riga ya cika maƙil ba. Turmutsutsun ya yi sanadin mutuwar magoya bayan Liverpool 97. Rahoton Mai Shari'a Taylor na 1990 ne ya ba da shawarar ƙananan hukumomi su riƙa zama da masu agajin gaggawa a kwamiti ɗaya. Daga filayen ƙwallo al'adar ta bazu zuwa sauran taruka.

Abin da ya fi burge ni shi ne lissafin. Ba a tambayar mai taro mutum nawa yake fata. Tambayoyi huɗu ake yi wa filin kansa: nawa za su iya shiga cikin awa guda, nawa zai ɗauka, nawa za su fita idan an tashi, nawa kuma za su tsira cikin gaggawa idan wuta ta kama. Amsar da ta fi ƙanƙanta ita ce adadin da za a sayar wa tikiti, ko da sauran ukun sun ninka ta.

Kowace tambaya da ma'auninta. Ƙofar nan mai juyawa da ke shigar da mutum ɗaya bayan ɗaya, Koren Littafi bai yarda a lissafa mata fiye da mutum 660 a awa ba. Hanyar da faɗinta ya kai mita ɗaya tana fitar da mutum 82 a minti idan shimfiɗaɗɗiya ce, idan matakala ce sai 66, don ƙafa ba ta sauri a kan tsani. A ce ga fili mai murabba'in mita 2,000. In aka ba kowane murabba'i mutum biyu, zai ɗauki 4,000. To amma ƙofofinsa uku ne, kowace mita biyu. Nan ɗan kwana-kwana zai ɗora yatsa kan ɗaya ya ce a cire ta daga lissafi, a ɗauka a bakinta wutar ta tashi. Saura mita huɗu. A ninka da 82, a sake ninkawa da minti 8 da aka ɗibar wa fita, an sami 2,624. Filin kamar mazurari ne, bakinsa ba ya hukunci, wuyansa ke yi. Mai taro ya zaɓa: ko ya ƙara ƙofa, ko ya rage tikiti.

Sannan a koma kan taswira. An zana mata layuka a tsaye da a kwance, kowane gida da harafi da lamba, ta yadda ma'aikaci zai kira ta oba-oba ya ce akwai mara lafiya a gida kaza, kowa ya gane wurin ba tare da kwatance ba. Hanyar motar kashe gobara ana so faɗinta ya kai mita 3.7, kuma za a tambaya ko ƙasar za ta ɗauki nauyin motar bayan ruwan sama ya jiƙa ta. A saman dandamali akan kafa na'urar auna iska, a rubuta tun da wuri: in ta kai gudu kaza a sauke allunan talabijin, in ta wuce kaza a tsayar da wasa. A rubuta sunan wanda ke da ikon tsayarwar, mutum ɗaya tak, don kada a tsaya jiran juna lokacin da shinge ke lanƙwashewa.

Kafin ranar akan yi gwaji a zaune. Wani zai ce, ƙarfe tara na dare ne, wutar lantarki ta ɗauke, yaro ya ɓata, an kuma ga hayaƙi bayan rumfar abinci, kowa ya faɗi abin da zai yi. A nan ake gane wanda ya taka filin da ƙafarsa da wanda ya kwafo takardar bara ya canza kwanan wata. Na biyun ba a yi masa tsawa. Tambaya kawai za a yi masa: ƙofar gabas da ka rubuta, ka san an gina shago a wurin? A filayen ƙwallo ma har maki ake ba masu kula da wuri, daga sifili zuwa ɗaya, a ninka da yawan mutanen da wurin zai ɗauka. Wanda ya sami 0.5 saboda sakaci, rabin wurinsa zai zauna wayam.

Duk da wannan ƙwarewa, kwamitin ba shi da ikon amincewa da taro ko hana shi. Shawara yake bayarwa, alhakin yana wuyan mai taro. Sai dai kowane mamba ya zo da ikon ofishinsa a aljihu: ƙaramar hukuma na iya gindaya sharuɗɗa kan lasisi, 'yan kwana-kwana na iya haramta amfani da wurin da suka ga yana da mummunan haɗari. Kuma duk abin da aka faɗa a zaman ana rubuta shi, da amsar da mai taro ya bayar. In wani abu ya faru, wannan takarda na cikin abubuwan da masu bincike za su buƙaci gani.