Kiwon Murjani a Ƙasar da Teku Ya Janye

Daga garin Kebbe zuwa bakin teku mafi kusa, ko Legas ko Kwatano, tafiyar ɗaruruwan kilomita ce, kuma ko mutum ya isa can ba zai tarar da duwatsun murjani ba. Gaɓar Najeriya ba ta da su: kogin Kwara da 'yan uwansa suna zuba laka da ruwan daɗi ba dare ba rana, shi kuwa murjani yana son ruwa garau wanda rana ke ratsawa. Bahaushen da ya taɓa tsayawa kusa da murjani mai rai, galibi alhaji ne da ya leƙa Bahar Maliya a Jidda, ko ɗan uwanmu mazaunin Fot Sudan. Amma wayar hannu ta rage nisa. Yau saurayi a Tambuwal yana iya kallon bidiyon akwatin gilashi mai shuɗin haske a falon wani mutumin Jamus, kifaye masu launin lemo suna shawagi tsakanin rassa masu motsi, ya ce a ransa: mu ma me zai hana? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, don al'adar kiwon teku a cikin gida tana da tarihi, tana da ƙa'idoji, kuma tana da alhakin rayuka a wuyanta.

Murjanin da iyayenmu mata suka sani, jan nan da ake jerawa a wuyan amarya, wanda fatake suka riƙa ƙetarowa da shi Sahara daga Bahar Rum, ƙashin wata dabba ce bayan ta mutu. Wanda ake kiwo a gilashi danginsa ne, sai dai yana raye. Dubban ƙananan halittu ne masu taushi, kowace da baki da 'yan yatsu kewaye da shi, suna zaune tare suna gina wa kansu gida na farar ƙasa. A cikin naman jikinsu akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta ciyar da mai masaukinta. Saboda haka mai kiwon murjani yana kiwon dabba da tsiro ne a jiki guda, kuma abin da zai ɓata wa ɗayan rai zai kashe ɗayan.

Turawa sun daɗe suna fama da wannan. A 1846 wata mata, Anna Thynne, ta ɗauko murjani daga bakin teku ta kai gidanta a Landan, ta rayar da shi shekaru, ta hanyar sa a riƙa kwarara ruwan daga wannan mazubi zuwa wancan kullum don iska ta shige shi. A 1853 gidan namun daji na Landan ya buɗe ɗakin kifi na farko da jama'a ke shiga kallo. Amma murjanin ƙasashen zafi ya ci gaba da mutuwa a hannun masu sha'awa har sama da shekara ɗari. Sai a farkon shekarun 1960 Lee Chin Eng a Jakarta ya nuna cewa idan aka sa duwatsun da aka ɗebo daga teku da rayayyun halittun da ke jikinsu, su da kansu suna tsabtace ruwa. A shekarun 1970 Peter Wilkens da masu kiwo na birnin Balin suka haɗa wannan dutse mai rai da haske mai ƙarfi da wata na'ura mai tayar da kumfa tana kwashe datti. Tsarin Balin ke nan, kuma har gobe shi ne ginshiƙin sana'ar.

Abin da tarihin nan ke nunawa shi ne, aikin ba na kifi ba ne, na ruwa ne. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, kuma ba gishirin miya ba ne, ba na Bilma ba, ba na Foga ba. Haɗi ne na musamman da ake sayowa a buhu ko bokiti, mai kalsiyam da magnesiyam da sauran sinadarai a ma'auninsu. Ruwan da za a dama shi ma ba na rijiya ba ne, ba na burtsatse ba. Sai an tace shi da matata mai cire kusan duk abin da ya narke a cikinsa, don ɗan burbushin jan ƙarfe ya isa ya hallaka murjani, ragowar takin zamani kuwa yana cika gilashin da koren datti. Sannan ruwa yana ƙafewa ya bar gishirinsa, kamar miyar da aka manta a kan murhu. Wanda ya cike gurbin da ruwan gishiri ya ƙara wa ciwo zafi. Ruwan daɗi tatacce ake ƙarawa, kullum, gwargwadon abin da ya tafi.

Sai batun haƙuri, wanda a nan ne mafi yawan sababbin hannu ke faɗuwa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya masu mayar da ita wata guba ta biyu, wasu kuma su mayar da ta biyun naitiret mai sauƙin illa. Kafin waɗannan ƙwayoyi su hayayyafa a jikin dutse ana ɗaukar mako huɗu zuwa shida, tankin na tsaye babu kifi ko ɗaya, fanfo na juya ruwa, mai shi na gwaji yana rubutawa. Bayan nan ma ba hutu: a sauya wajen kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako ɗaya ko biyu, a tsare kalsiyam tsakanin 400 zuwa 450 a ma'aunin masu kiwo, don da shi murjani ke gina ƙashinsa.

A nan zan ɗan ratse, don wannan farar ƙasa ba baƙuwa ba ce a jiharmu. Dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, teku ne ya shimfiɗa shi kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani hannun ruwan gishiri ya ratso Sahara ya kwanta a kan ƙasar Sakkwato. A yankin Goronyo an tono ƙasusuwan wata babbar dabbar teku mai kama da ƙadangare, har masana suka raɗa mata sunan garin. Ke nan bulon da aka gina shagunan Tambuwal da shi yana ɗauke da irin sinadarin da mai kiwon murjani ke saye da tsada yana ɗigawa a gilashinsa. Ina ganin ya kamata kowane ɗan makarantar yankin nan ya san haka.

Masu kiwon tarwada a tankin siminti ko na tampol za su ce ai mun san ruwa. Gaskiyarsu. Sun san warin ruwan da ya gaji, sun san ranar sauyi, sun san cewa yawan abinci ya fi yunwa kisa. Amma tarwada kifi ne mai yafiya: tana da gaɓar shaƙar iska daga sama, ruwa ya lalace ta leƙo ta numfasa. Gaiwa ma ta fi ta, tana shigewa cikin laka ta jira damina. Kifayen fadamarmu an halicce su ne don ruwan da ke cika ya ƙafe, ya yi zafi ya yi sanyi. Murjani ya fito daga inda ruwa ba ya sauyawa sai kaɗan a shekara, don haka bai koyi jure komai ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin shi ne hukuncin al'amarin a Kebbe: zafi da wuta. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. Idan zafi ya haura abin da ya saba da digiri ɗaya kacal ya zauna haka makonni, sai ya kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. Haka ya faru ga babban jerin murjanin Ostareliya a 1998, da 2016, da 2017, da 2024. To, mu a watan Afrilu ma'auni na wuce 40 a inuwa, ɗaki mai rufin kwano kuwa sai wanda ya kwana a ciki. Dole a sa na'urar sanyaya ruwa, ita kuma cin wuta gare ta. Hunturu ya zo da nasa: dare ya yi sanyi sai an ɗumama, busasshiyar iska ta sha ruwa, ƙura ta sauka a kai. Fanfo ya tsaya na sa'o'i, iskar cikin ruwa ta ƙare, aikin shekara na iya tafiya a dare ɗaya. Da sola da manyan batura da janareta a gefe abin zai yiwu, ban ce ba zai yiwu ba. Amma wanda bai riga ya mallaki wutar da ba ta yankewa ba, bai kamata ya sayi ko kifi ɗaya ba, don ba kuɗinsa kaɗai zai salwanta ba.

Rayukan kuma daga ina suke? Mafi yawan kifayen ado na teku har yanzu kamo su ake daga ruwan Indonesiya da Filifin, kuma an daɗe ana kokawa da masu nutso da ke fesa gubar sayanaid a ramukan murjani don kifi ya sume a ɗauke shi, murjanin ya mutu a baya. Mutumin bakin Gulbin Zamfara ba ya buƙatar bayani, ya san abin da gubar gamalin ke yi wa tafki. Yarjejeniyar CITES ta sa duk murjani mai ƙashin dutse cikin halittun da ba a ƙetare iyaka da su sai da izini, kuma a 2018 Indonesiya ta dakatar da fitar da shi na kusan shekara biyu. Abin yabo a al'adar shi ne, masu kiwo sun koyi yankar reshe su dasa ya tsiro, suna musaya tsakaninsu, kifin nan mai ratsin fari da ya yi suna bayan fim ɗin Finding Nemo na 2003 ma yanzu a tanki ake ƙyanƙyasar shi. Wanda zai saya ya tambayi asalin abin, ya zaɓi wanda aka haifa a hannu.

Sarkawa sun riga duniya sanin cewa ruwa yana da haƙƙi. Sarkin Ruwa yana rufe wuri ya hana su har lokaci ya yi. Da haka kogin Matan Fada ke tara giwan ruwan da ake fitarwa a bikin Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yau daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta karɓe shi cikin jerin al'adun gado a 2016. Tafkin Romo a ƙasar Tambuwal ma da nasa bikin su. Sai dai mun saba ganin kifi a homa, a kwando, a kasko. Ba mu saba zama mu kalle shi yana rayuwarsa ba. Wannan kallon shi ne ainihin ribar akwatin gilashi, kuma ba ya buƙatar gishiri. Talibambam da kurungu da gwando suna cikin kifayen Afirka ta Yamma da masu sha'awa a Turai da Asiya ke nema, daga Legas ma ana fitar da irinsu. Sun san zafinmu, sun fi jure ɗaukewar wuta, gwando ma iska yake shaƙa. Tanki mai lita 200, yashin gulbi wankakke, ɗan fanfo mai batir da wuri mai inuwa sun isa a fara, a gida ko a ajin kimiyya na sakandare. Talibambam dai a ware masa tankinsa shi kaɗai, don mafaɗaci ne, haƙoransa kuma na fasa katantanwa ne.