Me Ya Sa Kullum 400? Binciken Digiri da Ƙauyukan Safana

In ka taɓa buɗe kundin digiri na biyu a fannin nazarin cigaban al'umma, leƙa babi na uku. Da wuya ka rasa inda aka ce an raba takardun tambayoyi kusan 400. Ko talauci ake bincika, ko taki, ko gudun hijira, adadin yana nan daram. Me ya kawo haka?

Wani lissafi ne da Taro Yamane ya kawo a littafinsa na 1967. In ka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, komai yawan jama'a amsar ba ta wuce 400. Gwada da Safana, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 180,000: 399 za ka samu. Lissafin ba shi da laifi, amma yana da sharaɗi: dole a zaɓo mutanen kamar da ƙuri'a, kowa na da damar faɗowa ciki daidai da kowa. Mai sayen gero ya san wannan, shi ya sa yake zura hannu har gindin buhu, ba ya yarda da na sama.

To, a Safana wa ke kai hannu gindin buhun? Ɗalibi zai taso daga Katsina ko Dutsin-Ma da kuɗin aljihunsa, ya tsaya cikin gari ko bakin kwalta, ya cike takardunsa, ya juya kafin la'asar. Ƙauyukan da ke gefen dajin Rugu, wajen Runka, inda 'yan bindiga suka hana noma, ba ya isa gare su. Matan da ke cikin gida ba ya ganinsu, makiyaya ma haka. Amma a babi na biyar sai ka ga an rubuta "mutanen Safana". Ka ga an auna waɗanda ke da sauƙin samu, an laƙaba wa kowa sakamakon.

Wannan cuta ta girmi matsalar tsaro. Tun 1983 Robert Chambers ya nuna yadda masu bincike ke bin kwalta, su zo da rani, su gana da maza masu hali, talaka ya ɓace musu. Kwatanta da Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa a 1967 tana bin gida-gida da gona-gona. Littafinta na 1972 ya nuna manoman ƙauye ɗaya ba ɗaya suke ba, har akwai wanda talauci ke hana shi noma gonarsa, don dole ya yi ƙwadago a ta wani. Takardar "e" ko "a'a" ba ta tono irin wannan. Sai dai ita ma da Turanci ta rubuta, jikokin waɗanda ta tambaya kaɗan ne suka karanta.

Kada ka ɗora wa ɗalibi laifin. Ba wanda zai ce ya shiga daji ya sayar da ransa saboda digiri. Laifin na horon ne, da ke koya masa lissafin ba tare da sharaɗinsa ba. Malamai su tilasta a rubuta ƙarara inda aka je da inda aka kasa zuwa. A koya wa ɗalibi doguwar hira da Hausa da Fulatanci, da neman waɗanda suka baro ƙauyukan a inda suka fake, da aiki da 'yan asalin wurin. A kuma mayar wa mutane sakamakon da harshensu.

Abin ya shafe ka, domin da irin waɗannan alƙaluma ake kafa hujja wajen rabon taki, rijiya da asibiti. Wanda ba a ƙirga ba, ba a sa shi a rabo. Don haka in an ce maka "bincike ya nuna", tambayi abu ɗaya tukuna: su wa aka tambaya, kuma a ina aka same su?