Lissafi Ma Labari Ne

Ƙorafin da na fi ji game da ƙagaggun labaran kimiyya masu bin zahirin tafiya sararin samaniya shi ne wai ba su da rai, lissafi ne zalla kamar darasin aji. Mai wannan magana bai zauna da ko ɗaya ya kai ƙarshensa ba.

Salon ya daɗe. Tun 1865 Jules Verne na Faransa, a wani littafinsa, ya harba mutum uku zuwa wata a cikin harsashin igwa, ya kuma tsaya auna gudun da tafiyar ke bukata. A 1992 Kim Stanley Robinson ya fito da Red Mars. Mu da muka tashi da Tauraruwa Mai Wutsiya ta Umaru Dembo mun san daɗin labarin sama, sai dai wannan reshen yana da sharaɗi mai tsauri: marubuci ba ya karya ƙa'idar da halitta ke tafiya a kanta don ya ceci jaruminsa.

Dubi The Martian na Andy Weir, wanda ya fara sakinsa da kansa a 2011. An baro Mark Watney shi kaɗai a duniyar Mas, abokan tafiyarsa sun ɗauka ya mutu. Abin da ya fara yi shi ne ƙirga abinci. In ya tsuke ciki zai kai shi kwana 400, masu zuwa na gaba kuwa sai bayan shekara huɗu. Duk magidancin da ya taɓa leƙa rumbu yana auna ko hatsin zai kai kaka ya san wannan faɗuwar gaban. Daga nan kowace lamba ta zama tashin hankali. Ya yanyanka ɗan dankalin da ke hannunsa ya shuka, ya yi taki da bayan gidan mutane, ya ƙona man roka don ya samu ruwa. Sai ya manta da abu ɗaya, iskar da yake fitarwa in ya yi numfashi, ɗakin da yake zaune kuwa ya yi bindiga ya wurgar da shi. Wurin nan na fi ƙauna a littafin, domin kuskuren daga cikin lissafin ya fito, mai karatu mai lura zai iya hango shi.

Masu cewa guguwar da ta sa aka baro Watney a farkon littafin ba za ta yiwu ba, tunda iskar Mas ba ta kai kashi 1 cikin 100 na tamu kauri ba, gaskiyarsu, Weir ma ya amsa. Aibi ɗaya ne, bai rusa ginin ba.

Ni a ganina wannan salon ya fi kowane iya nuna kaɗaici. Saƙo tsakanin Mas da duniyarmu kan ɗauki minti 3 zuwa 22 kafin ya isa. Watney ya tono tsohuwar na'urar Pathfinder ta 1997 daga cikin rairayi don ya tuntuɓi mutanen duniyarmu, ya rubuta tambaya ya kafa a gaban kyamararta, ya zauna yana jira ta motsa.