Jinjina Ga Masu Alli A Hannu

Yaron da ya tashi a Safo, cikin gundumar Madarumfa, ya san lissafin tiya da buhu tun yana ƙarami. Amma ranar da ya kai ajin ƙarshe na lise, ya ga wannan doguwar alamar ∫ da Leibniz ya ƙirƙiro a 1675, sai gabansa ya faɗi. A nan ne malamin lissafi yake nuna gwaninta.

Ku dubi yadda yake yi. Ya rubuta ∫2x(x²+1)³dx a allo, aji ya yi tsit. Sai ya zagaye x²+1 da alli, ya ce: "Wannan ya cika nauyi, mu raɗa masa suna u." Ya nuna musu cewa du ita ce 2x dx, ga ta nan zaune a gefe tun ɗazu. Abin da ya firgita su ya koma ∫u³du, amsa u⁴/4. Ya mayar da x²+1 gurbinsa, ya ƙara C ɗin nan da ɗalibai suke mantawa kullum.

Sauya sunan ba wuya. Wahalar tana wajen gane wanda za a sauya wa suna, kuma wannan idon sai an yi ta bita ake samunsa. Mushe, wato malamin, yakan maimaita har muryarsa ta dishe, ƙurar alli a riga, zafin bazara a ka.

Ɗaliban da ke zaune yau a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi, idan kun je hutu gida, ku leƙa ku gaishe shi.