Masu Share wa Ƙwaƙwalwa Hanyar Jini

Mutum na cikin magana sai harshe ya karye masa, ko hannu ɗaya ya saki, ko ido ɗaya ya yi duhu. Bayan 'yan mintoci komai ya dawo daidai, a gida a ce gajiya ce. Likitan da ya san aikinsa ba ya yarda da haka. Sau da yawa gargaɗi ne cewa shanyewar ɓarin jiki na tafe, kuma cikin wuraren da zai fara dubawa har da wuya.

Manyan jijiyoyin jini biyu ne ke bi ta wuya, dama da hagu, suna kai wa ƙwaƙwalwa jini. A ƙasan muƙamuƙi kowacce ta rabu biyu, kuma a wannan mararrabar ce kitse ya fi taruwa a bangon jijiya, musamman ga masu hawan jini, ciwon suga da mashaya taba. Babban abin tsoro shi ne ɓarɓashin da kan ɓalle daga nan ya je ya toshe ƙaramar jijiya a ƙwaƙwalwa. Miller Fisher, likita ɗan Kanada, shi ya jawo hankalin likitoci ga wannan a 1951.

Ana auna cunkoson ba tare da an tsaga kowa ba. Mai sikanin zai ɗora na'ura a wuya ya karanta gudun jinin. Kamar dai ka danne bakin tiyo ruwa ya ƙara ƙarfi, haka jini ke ƙara sauri inda hanya ta tsuke, daga saurin ne kuma ake lissafa tsukewar. Wani babban bincike da aka fitar a Arewacin Amurka a 1991 ya nuna cewa masu alamomi, waɗanda tsukewarsu ta kai kashi 70 zuwa 99, kashi 26 daga cikinsu sun gamu da shanyewar jiki cikin shekara biyu da magani kaɗai. Waɗanda aka yi wa tiyata kuwa, kashi 9.

Aikin kansa shi ke burge ni. Tun 1954 Felix Eastcott da abokan aikinsa suka gyara irin wannan jijiya a asibitin St Mary's na Landan, amma har gobe aiki ne na mai nutsuwa, don tiyatar da ake yi domin kauce wa shanyewar jiki ita ma tana iya jawo ta. Likita zai tsaga gefen wuya, ya lallaɓa ya kauce wa jijiyoyin da ke motsa harshe da murya, ba tare da ya jijjiga mararrabar ba, kada wani abu ya ɓalle. Sai ya matse jijiyar sama da ƙasa, ya buɗe ta, ya ɓare kitsen, ya tsince ko da ɗan burbushi ne, sannan ya ɗinke, galibi da faci don hanyar ta yi faɗi.

Wasu likitocin ba sa ma sa majiyyacin barci. Wuyan kaɗai ake kashewa da allura, ana hira da shi, ana cewa ya matsa wani abu da hannun ɗaya ɓangaren. Da zarar magana ta fara sarƙewa, an san ƙwaƙwalwa na neman jini, sai a zura ɗan bututu ya riƙa kai mata har a gama.

Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Wani asfirin da maganin rage kitse da daidaita hawan jini sun wadace shi, wani kuma ragar ƙarfe ake zura masa ta cikin jijiya. Wanda ya cancanci tiyatar, ya fi cin moriyarta idan an yi cikin mako biyu da bayyanar alamar.