Fim Mai Dogon Zango: A Tausaya wa Datar Mai Kallo

Kasuwar faifan CD ta mutu a Ƙofar Wambai, kuma ba a yi mata dogon zaman makoki ba. Masana'antar fim ɗin Hausa da ta soma da Turmin Danya a 1990, ta ci zamanin kaset ta ci na faifai, yanzu ta kwashe kayanta ta koma YouTube. Tashar Arewa24 ta saba wa mutane da jiran shiri mako-mako ta hanyar Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan a 2020, shekarar kullen korona, Izzar So da Labarina suka nuna wa furodusoshi cewa akwai abinci a wannan hanya. Daga nan kowa ya ɗauki kyamara, sai dogon zango.

Ban ƙi wannan sauyi ba. Ya ceci sana'ar mutane da yawa, ya kuma kai fim ɗin Hausa Maraɗi da Kumasi da Jidda a daren da ya fita a Kano. Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu shirya finafinan suka manta wa ke biyan kuɗin kallo.

A zamanin faifai, sau ɗaya za ka biya, gida duka ya kalla, maƙwabta su ara. Yanzu kowane minti kuɗi ne. Ana cewa YouTube kyauta ne, amma datar da ake kallo da ita ba kyauta ba ce, musamman tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Shi kuwa furodusa, lissafinsa daban ne: bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, kuma gwargwadon tsawonsa gwargwadon wuraren saka tallar. Mai tasha yana karɓar kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallar, tallar da ake nuna wa mai kallo a Najeriya ko Nijar kuma ba ta kai darajar wadda ake nuna wa na Amurka ba. Saboda haka sai a ja labari.

Kuma ana ja, wallahi. Mota za ta tsaya a ƙofar gida, maigadi ya taso, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, motar ta shiga, Alhaji ya fito ya gyara babbar riga, duk muna kallo. A shiga falo a yi gaisuwa tun daga kwana har gajiya har yara. Sannan jaruma ta zauna ta yi tagumi, a maimaito mana abin da muka gani makon jiya da sunan tunani take yi. Labarin da zai ƙare a fitowa goma sai ya kai zango na biyar. Mai koko ma idan ta cika ruwa, masu saye sun san abin da suka sha.

Wani abin mamaki shi ne inda ake zuba kuɗin aikin. Ana alfahari da sabuwar kyamara da wadda ke tashi sama ta ɗauko rufin gidaje da gadar Ƙofar Nassarawa. To amma wa ke ganin wannan kyan? Yawancin masu kallo a ƙaramar waya suke kallo, sun sauke ingancin hoton zuwa 360p ko ƙasa da haka don kada data ta ƙare, sabis kuma yana zuwa yana ɗaukewa. A irin wannan kallo, hoto ya riga ya dushe. Sauti ne ke isa kunne yadda aka ɗauke shi, shi ne kuma aka fi yi wa riƙon sakainar kashi: kiɗa ya danne magana, ƙarar janareta na shigowa, murya ɗaya a sama ɗaya a can ƙasa. Da kuɗin hayar kyamarar sama aka ba mai ɗaukar sauti da marubuci, da an fi cin riba.

Akwai kuma masu turi. Wanda datarsa ba za ta ɗauki awa guda da rabi ba, shagon turi zai nufa da memorinsa, a zuba masa fitowar makon da 'yan canji, shi ma ya tura wa abokai ta Xender. Mai turi sau ɗaya ya sauke fim ɗin, don haka a lissafin YouTube mutum ɗaya ne ya kalla, ko da unguwa guda ta gani. Furodusoshi suna kuka da wannan, kuma suna da gaskiya. Sai dai duk mintin banza da suka ƙara, su da kansu suke kora mai kallo zuwa wannan shago.

Masu shirya fim, ku rage tsawo. Fitowa ta minti talatin da aka cika da labari ta fi ta awa guda da rabinta buɗe ƙyaure ne. Ku biya marubuci ya san ƙarshen labarinsa kafin a kunna kyamara, ku kuma saurari fim ɗinku a ƙaramar waya kafin ku sake shi.