Kafin a cire na'urar faifai daga tsohon fiyano

A Turai da Amurka har yau akwai masu kunna Commodore 64, kwamfutar gida da ta fito a 1982, sai dai da yawansu sun jingine akwatin karanta faifai da ake haɗa mata. Akwatin nan, 1541, ga nauyi ga nawa, faifansa kuma kilobait 170 kacal yake ɗauka. Masu sha'awa ne suka zauna a gida da dalma da ƴan allunan lantarki suka haɗa wata ƴar na'ura mai suna SD2IEC. Ka zura mata memori irin na kyamara, kwamfutar ta ɗauka tsohon akwatinta ne ke ba ta amsa. Ni ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Akwai masu ƙorafi, kuma ba duka ne ƙorafin banza ba. Shi 1541 yana da tasa ƙwaƙwalwar a ciki, samfurin 6502, kuma masu shirya wasanni sun riƙa tura mata umarni kai tsaye don a yi sauri ko a hana satar kwafi. SD2IEC ba ta da wannan, shi ya sa wasu wasannin ke ƙin tashi a kanta. Sai a 2018 wani mai suna Steve White ya fitar da Pi1541, wadda ke sa wata ƴar kwamfuta mai suna Raspberry Pi ta kwaikwayi akwatin ciki da bai. Wannan gyara ne mai dalili. Waɗanda suka fi ƙarfina su ne masu kewar ƙarar faifai, har suna liƙa ƴar lasifika don na'urar ta riƙa yin ƙas-ƙas na ƙarya. Allah ya ba su lokaci, mu bar su.

Mu a Damaga da Bakura da Maradun ba da Commodore muka tashi ba, amma faifan fulofi ba baƙonmu ba ne. Fiyanon Yamaha da ya riƙe kiɗan finafinan Kano a ƙarshen shekarun 1990, irin su PSR-730 da PSR-740, da shi yake ajiye kiɗa. Tsofaffin injinan surfani na Tajima da Barudan da ake shigowa da su na hannu, da shi suke karanta zanen da za su dasa a wuyan riga. Sony kuwa ta daina ƙera faifan tun 2011. Wanda ya rage a hannu, ƙurar hunturu ta shiga, danshin damina ya bi, wata rana mawaƙi na tsakiyar biki allo ya ce masa faifai bai karantu ba. Injin da ke ciyar da gida ya tsaya saboda abin da bai kai megabait biyu ba.

Maganin wannan shi ne wata ƴar na'ura mai suna Gotek, ƙirar Sin. Girmanta ɗaya da na'urar faifan da za ka cire, a ramin take zama, igiyar nan mai faɗi mai fil 34 ita za ka mayar mata. A gabanta akwai kafar filash, maɓalli biyu, da ɗan allo mai lamba uku: ka danna, lamba ta canza, kamar ka zare faifai ka sa wani. Wani mai suna Keir Fraser ya rubuta mata manhaja kyauta, FlashFloppy, wadda ta sa take jin yaren na'urori barkatai. Yaron da ke canza kafar caji a kasuwar Talata Mafara da ƙarfen dalma da madubin ƙara girma ya fi ƙarfin wannan aikin. Ɗaliban lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau ma ga aikin kammala karatu da zai sami mai saye.

Inda nake jan kunne shi ne gaggawar zubar da tsohuwar na'ura. Gotek ba ta karanta faifai, kwafinsa kawai take ɗauka daga filash. In ka jefar da na'urar kafin ka kwashe abin da ke cikin faifan, kiɗan kalangu da wani ya kwana yana tsarawa a fiyano ya tafi, zanen aska takwas da aka zauna aka shigar ɗinki bayan ɗinki ya tafi. Fraser ɗin nan yana da wani ɗan allo, Greaseweazle, da ke haɗa tsohuwar na'ura da kwamfutar zamani ya kwashe faifai ko da ya fara lalacewa. A fara da wannan, faifai ɗaya bayan ɗaya, a ajiye kwafi a wuri biyu, sannan a kira mai gyara ya kwance sukurori.